Ranar Da Bun-im Ta Roƙi Tsutsa

A garinmu, in ka ji an ce ranar ƙwaya ta zo, to da Tak Bun-im ake. Sau biyu a shekara, farkon bazara da farkon kaka, takan hau motar safe zuwa kasuwar Hadong ta sayo maganin tsutsar ciki, ta dawo ta tsaya a kan mijinta har sai ya haɗiye, sannan ta ce ya buɗe baki ta gani. Shekara arba'in da ɗaya ana haka. Gidaje da yawa a bakin Kogin Somjin suna da wannan al'ada, amma wasu sukan manta, wasu su ce ai zamanin tsutsa ya wuce. Bun-im ba ta taɓa mantawa ba. Ko kare ne ya kwana biyu a ƙofar gidanta, sai ya sha.

Tana da dalilinta. Tana 'yar shekara takwas, a wani ƙauyen kan tudu kusa da Gurye, ƙanenta Man-dok ya kwanta da ciwon ciki. Zamanin da ake takin gonar kabeji da bayan gidan mutane ne, kowane yaro da tsutsarsa. Cikin Man-dok ya kumbura ya yi tauri, ya kwana uku yana kuka, a na huɗu ya yi shiru. Ita take goyonsa tun yana jariri, ita ce kuma ta ga abin da ya fito ta hancinsa bayan ya cika. Ba ta taɓa ba kowa wannan labari dalla-dalla ba, har mijinta. Bayan 'yan shekaru aka fara raba wa 'yan makaranta 'yar ambulan su kawo kashinsu a duba. Malami kan tsaya gaban aji yana kiran sunayen masu tsutsa yana zuba musu ƙwaya a tafin hannu, yara na rufe fuska don kunya. Bun-im kaɗai take miƙa hannu tun ba a kira ta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai ga shi rabo ya haɗa ta da Pyo Dal-su, mutumin da bai san wani abinci a duniya da ya kai ɗanyen kifin kogi ba. Masunci ne ɗan masunci. Tun yana ƙarami ubansa kan fisgo kifi daga koma, ya yanka a kan katakon jirgi, ya dangwala a jan barkono mai tsami ya tura masa a baki. A wurinsa, dafa kifin nan mai ƙamshin kankana cin mutuncin kifin ne. Kullum da la'asar in ya ɗaure jirgi, sai shagon abokinsa Chil-bok da ke ƙarƙashin gada: farantin ɗanyen kifi guda, tafarnuwa, kwalbar giyar soju. Ya dawo gida yana tashin wari, ita kuma tana bakin ƙofa.

"Ka sake ke nan? Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Haba Uwar Yon-sil, soju na kashe tsutsar. Kowa ya sani."

"Soju ne ya kai Babanka ƙasa, tsutsarsa kuwa da ranta aka binne ta."

Sai ta ɗirka masa duka a kafaɗa, tim, shi kuma ya yi dariya, don kafaɗar Dal-su ta ja koma shekara hamsin, hannun mace ba ya yi mata komai. Duk unguwa ta san wannan faɗa. Ranar da ba a ji shi ba, maƙwabta kan tambaya ko wani ya yi tafiya.

Ita sana'arta kamun ƙumbar kogi ce, 'yan ƙananan nan da ba su fi farce ba, da muke kira jecop. In ruwa ya janye sai ta shiga kogi har ƙirji, babban baho na roba ɗaure a kugunta, tana jan kwandon ƙarfe mai haƙora da doguwar gora, tana takawa da baya tana tace yashi. Awa biyar, awa shida. Dal-su ya ɗora buhunan a jirgi, ya hura wuta, ita ta dafa romo fari tas da ganyen albasa a kai, wanda masu shaguna ke rububinsa. Da wannan romo suka yi wa 'yarsu guda ɗaya, Yon-sil, karatu har ta samu aiki a Busan. Bun-im ba ta da sanyin baki, amma ba a taɓa samun tsakuwa a romonta ba, kuma abin da ta dafa sai ya tafasa sau biyu kafin ta yarda a ci.

Shekarar da Dal-su ya cika saba'in, Yon-sil ta yi abin da 'ya'yan kirki ke yi yanzu: maimakon biki, ta kai shi babban asibiti aka duba shi daga kai har ƙafa. A watan Maris takardar ta iso, shafi goma sha biyu. Zuciya lafiya, sukari lafiya, tumbi lafiya. Layi ɗaya ne kawai aka buga da jan tawada. Suka kai wa Likita Sol, yarinyar da ke ƙaramin asibitin garinmu.

"Baba, wannan wani irin farin ƙwayar jini ne, sunansa iyosinofil," in ji ta. "Na mai lafiya ba ya wuce ɗari biyar. Naka ya haura dubu uku."

"Me ke kawo shi?" Bun-im ce ta tambaya, don Dal-su a gaban likita kurma yake zama.

"Asma na kawo shi, ko borin jini, ko wasu magunguna. Amma a nan bakin kogi, yawanci tsutsa ce. Baba yana cin ɗanyen kifi?"

Bun-im ta buga cinya har likitar ta zabura. "Yana ci? Likita, ki tambaya ko yana cin wani abu ban da shi! Shekara arba'in ina faɗa. To ga shi yau an rubuta maka da ja, tsoho. Karanta!"

Daɗi ta ji, ba sai an ɓoye ba. Ba kullum mace ke samun asibiti ya shaide ta da takarda ba. Likita Sol ta yi murmushi, amma ta ɗaga hannu ta ci gaba. Ta ba su 'yar kwalba ta ce a kawo bayan gidansa tukuna, kafin ya sha komai. Ta rubuta maganin tsutsar hanta, mai ƙarfi, ba irin na kasuwa ba. Sannan ta dubi Bun-im ido cikin ido.

"Mama, bayan wata ɗaya ku dawo mu sake auna jinin. In ya sauka, shi ke nan. In bai sauka ba, dole mu nemi dalili a wani wuri. Ba kasafai ba, amma akwai cuta mai nauyi da takan ɓuya a bayan wannan lamba, har da sankara."

Ta ji. Kada wani ya ce Bun-im ba ta ji ba. Likitar har ta rubuta a ƙasan takardar da biro: a dawo ran goma ga Afrilu. Amma kalmar ƙarshe ta shiga kunnen Bun-im ta tarar babu wurin zama, tsutsa ta riga ta cika ko'ina. Tun a hanyar gida ta karɓo maganin, da yamma ta tsare Dal-su ya sha. Wa zai zauna jiran kashi alhali abokin gaba na cikin gida? 'Yar kwalbar kuwa, da yake tana da murfi mai kyau, ta zuba irin latas a ciki. Takardar ta ninke ta sa ƙarƙashin tulun shinkafa. Ta kuma kafa doka: daga yau ba ɗanyen kifi.

Goma ga Afrilu ta zo daidai da buɗe kogi. Shekarar nan ƙumba ta yi yawa irin wadda aka daɗe ba a gani ba, kwando ɗaya sai ka ji hannu ya yi nauyi. Ruwa kuma ba ya jiran kowa, in ya janye da safe dole ka shiga da safe. Bun-im ta ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo ta ce bayan wannan janyewar. Dal-su bai tuna mata ba.

A watan Mayu ya fara susa. Ƙafafu, baya, ciki, ba ƙurji ba komai, sai susa har fata ta yi jini. Ta ce tsutsar ce ke mutuwa tana fitar da dafinta. Da safe in ta ɗaga shimfiɗarsa sai ta tarar da ita sharkaf kamar an zuba ruwa, alhali zafi bai shigo ba tukuna. Ta ce ƙarfin maganin ne. Ya fara barin rabin shinkafarsa. Ta ce tsutsa ta saba hana mutum ci, ta tafi Hadong ta sayo ƙwayar kasuwa ta ƙara masa, ba ranarta ba. Kowace alama ta zo, Bun-im na da amsarta a hannu, kuma amsar ɗaya ce.

Matan da suke shiga kogi tare suka fara magana. Wata ta ce, "'Yar Gurye, me kike ba maigidan naki ne? Jiya na hango shi daga baya na ɗauka wani baƙo ne."

"Ki ji da naki mijin, da cikinsa ke riga shi shiga ɗaki."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya baya ta ci gaba da jan kwando, ruwan ya yi mata sanyi fiye da kullum.

A watan Yuni aka bugo waya daga asibiti, ana tuna musu. Ta ce ai yana samun sauƙi, za su zo bayan damina. Tana ajiye wayar ta ji kamar ta yi sata. Da damina ta sauka kogi ya cika ya yi ja, ba shiga ba fita, uzurin aiki ya ƙare. Duk da haka ba su je ba. A ranakun nan ne ta ɗauki wandonsa za ta wanke, ta ga ya huda wa bel ɗinsa sababbin ƙofofi biyu da ƙusa. Ta daɗe tsugune riƙe da bel ɗin, ruwan famfo na zuba.

Tsoro ya shigo gidan, amma Bun-im ta samo masa turke. Ba yadda za a yi magani mai ƙarfi haka ya kasa, sai dai in ana kashe tsoffi ana zuba sababbi. Kuma ga shaida: har yanzu kowace la'asar Dal-su na zuwa ƙarƙashin gada, ya dawo yana warin tafarnuwa da jan barkono. Wato satar ci yake yi. Takan tare shi a ƙofa ta zazzaga masa masifa, shi kuma ya sunkuyar da kai yana ɗan murmushi, ba ya musu. In ta gama sai ta ji numfashinta ya daidaita. Muddin yana cin ɗanyen kifi, ta san sunan abin da ke cinsa, ta kuma san maganinsa.

Ran wata Laraba a watan Agusta ta yanke shawarar kama shi da hannu a faranti. Ta bar tukunya a kan wuta kaɗan-kaɗan, ta bi ta bayan gonakin kabewa don kada a hango ta, ta faɗa shagon Chil-bok ba sallama.

Ba kowa a teburin. Chil-bok na tsaye yana wasa wuƙa.

"Ina yake? Ina farantin? Kai ne kake kashe min miji, ko? Sau nawa na ce kada ka ƙara yanka masa?"

"Matar yaya, sannu da zuwa. Zauna mana."

"Ban zo zama ba. Nawa ya ci yau?"

Chil-bok ya ajiye wuƙar. Mutum ne mai surutu da dariya, amma ranar fuskarsa ta yi wani iri. Ya goge hannu a jikin rigarsa ya fi sau uku.

"Matar yaya, na rantse da kabarin uwata, yaya bai sa ɗanyen kifi a bakinsa ba tun kafin sabuwar shekara."

"Ƙarya kake."

"Ina ma ƙarya ce. Tun hunturu. Wata rana ya kurɓi soju sau ɗaya, sai ya dafe nan," ya nuna gindin wuyansa, "ya ce kamar an soka masa allura mai zafi. Washegari ya sake gwadawa, haka. Ya bar soju. Kifin kuma ya ce ba ya masa daɗi. Na yanka masa mafi kyau, mai ƙamshin nan, ya dube shi kawai ya tura min."

"To me yake zuwa yi?"

"Kwanciya. Yana baya. In zai tafi sai ya ce in ba shi tafarnuwa biyu da ɗan barkono, ya tauna. Na tambaye shi dalili ya ce ba ruwana. Ya kuma ce in na gaya miki ba ni ba shi."

Tun kafin sabuwar shekara. Wato tun kafin takarda, tun kafin magani. Wata biyar tana zuba masa ƙwaya, ba sabuwar tsutsa ko ɗaya da ta shiga. Ta bar jaki tana dukan taiki.

Ta zaga bayan shagon. Dal-su na kwance a kan benci a inuwar gada, yana barci da baki buɗe, maɓallan rigarsa a kwance saboda zafi. Rabon da ta ga ƙirjinsa da rana an daɗe, don kwanan nan ko wanka zai yi sai ya ja ƙofa. Haƙarƙarinsa duk a waje. A saman ƙashin wuyansa na hagu ga wani ƙullutu kamar ƙwan tattabara, fata ta miƙe a kansa tana sheƙi. Ta miƙa yatsa ta taɓa a hankali. Tauri gare shi, ba ya motsi, kuma Dal-su bai ko farka ba. Ta zauna a ƙasa a gefen bencin. Abin da ya zo mata shi ne cikin Man-dok, yadda shi ma ya yi tauri a ƙarƙashin hannunta.

Washegari tun ba a buɗe asibiti ba suna bakin ƙofa. Likita Sol ba ta yi musu faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta taɓa wuyansa, ta taɓa hammatarsa, ta ɗebi jini. Lambar ta haura dubu shida. Ta ce za ta rubuta musu takardar zuwa babban asibitin Jinju, amma kafin ranar ta zo a kawo bayan gida sau uku, kwana uku a jere, don a rufe maganar tsutsa gaba ɗaya.

"In an samu fa?" in ji Bun-im. "Akwai masu taurin kai ai. Akwai wadda magani ba ya kashewa, ko?"

"Akwai, Mama. Amma tsutsa ba ta cika kawo irin wannan kaluluwar ba."

Bun-im ta riƙe rabin farko na maganar. Hali zanen dutse.

A makon jiran nan ta yi abin da duk wanda ya san ta ba zai yarda ba. Ta hau dutse zuwa ɗakin ibadar da ke bayan garinmu, wurin da ba ta zuwa sai ranar babban biki. Ta kai shinkafa mudu guda, ta kunna turare, ta shiga sunkuyon nan ɗari da takwas da gwiwoyin da ruwan kogi ya riga ya cinye. Sauran mata na roƙon jarrabawar jikoki da auren 'ya'ya. Ita kuwa duk goshin da ta kai ƙasa abu ɗaya take cewa a ranta: a sa tsutsa ce. A sa a samu ko ƙwai ɗaya ne. Ta hanta, ta hanji, ta huhu, kowace iri, ko irin wadda ta ɗauke Man-dok. Da ta kai nan sai kuka ya ƙwace mata, don ta ji kamar ta sayar da ƙanenta. Amma ba ta janye roƙon ba.

Ran Litinin sakamako ya fito. Likita Sol ta juyo musu da takardar.

"Duka ukun babu komai. Jinin ma bai nuna alamar tsutsa ba. Cikin Baba tas yake."

Shekara arba'in da ɗaya take son ta ji wannan magana daga bakin likita. Da ta ji ta, sai ɗakin ya yi mata duhu, ta kama gefen tebur.

A Jinju abin ya tafi da sauri. Yon-sil ta ɗauki hutu ta zo da motarta, idanunta jajur tun da ta ga ubanta. Aka saka shi cikin na'urar ɗaukar hoto, aka yanki ɗan ƙullutun aka tafi da shi. Bayan kwana tara, saura mako guda bikin girbi, aka kira su. Likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya ce sankarar kaluluwa ce. Ta fara daga wuya, ta sauka ƙirji, ta kai ciki. Ya ce ita ce ke sa jiki ya yi ta haifar wannan ƙwayar jini, ita ce susar, ita ce gumin, har zafin da yake ji in ya kurɓi giya ita ce. Sannan ya tambaya, yana rubutu, ba tare da wata manufa ba:

"Yaushe aka fara ganin lambar ta hau?"

Takardar na cikin jakar Bun-im. Ta ciro ta daga ƙarƙashin tulun shinkafa da asuba, da shatin gindin tulun a jikinta. Ta miƙa da hannu biyu. Likitan ya duba kwanan wata, ya duba rubutun biro da ke ƙasa, ya ɗago kai. Yon-sil ma ta leƙa ta karanta, ta juyo ta dubi uwarta. Bun-im ta buɗe baki.

"Ni na ƙi zuwa," in ji Dal-su. Karo na farko ke nan da ya yi magana a gaban likita ba a tambaye shi ba. "Ta yi ta fama da ni. Taurin kai gare ni, likita, kowa ya sani."

Bun-im ba ta iya ƙaryata shi ba, ba ta kuma iya yin shiru ba. "Likita, da mun zo a Afrilu fa?"

Ya ajiye biron. "Mama, wannan cuta ana maganinta. Mutane da yawa sun warke, har waɗanda suka zo a wannan mataki. Amma maganin na da nauyi, kuma Baba ya rasa kilo goma sha ɗaya da zai ɗauke shi da su. Da a Afrilu ne, da hanyar ta fi gajarta. Fiye da haka ba zan iya ce miki ba. Ran Litinin za mu fara."

Suka fito. Yon-sil ta ce su jira a benci bari ta ɗauko mota, ta tafi da sauri tana goge fuska. Suka zauna su biyu a ƙarƙashin wata bishiya, mutane na wucewa da kwalayen tsarabar biki.

"Don me ka yi ƙarya?"

"Ba duka ƙarya ba ce."

"Ni na ɓoye takardar. Ni na amsa waya. Ni na ce bayan damina."

"Na san inda take. Ƙarƙashin tulu. Sau biyu ina ciro ta in karanta in mayar." Ya shafa wuyansa. "Wannan kuma tun furannin Afrilu ba su zube ba na ji shi. Lokacin bai fi ƙwayar wake ba."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi. "Tun Afrilu? Ka ji shi tun Afrilu ka yi shiru? Ka bar ni ina ta ɗura maka ƙwaya kamar mahaukaciya? Tafarnuwar fa? Tafarnuwar ta mece ce?"

Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Tsoro nake ji, Uwar Yon-sil. Kullum in na farka a jiƙe, tsoro. In na kwanta a bencin Chil-bok, tsoro. Amma in na taho gida na hango ki a bakin ƙofa kin riƙe kugu, kika fara, sai in ce a raina, to, tunda ta ce tsutsa ce, tsutsa ce. Wannan matar ba ta taɓa kuskure a kan tsutsa ba. Sai in samu in ci loma biyu." Ya yi ɗan murmushi. "Na san ranar da na dawo ba wari, za ki daina faɗa ki fara kallona. Shi ne ban so ba."

Haushi ya taso mata, irin na shekara arba'in, mai zafi, har ta ji daɗinsa. "Kai dai an yi sakaran tsoho! An yi wawan masunci!" Ta ɗaga hannu za ta ɗirka masa duka a kafaɗa kamar yadda ta saba, shi ma ya ɗan karkato mata da kafaɗar kamar yadda ya saba.

Hannun ya tsaya a sama. Rigar ta rataya a kan ƙashi, babu wurin da za ta daka.

Ta sauke shi a hankali ta kama bakin hannun rigarsa, ta damƙe. Motar Yon-sil ta zo ta tsaya a gabansu, ta yi oda sau ɗaya, ta sake yi. Bun-im ba ta tashi ba, ba ta kuma saki rigar ba.